Babban Yatsan Hagu na Gazali

Idan ka tambayi mutanen Unguwar Rogo a Sakkwato wane ne Gazali, za su ce maka mahauci ne, ɗan marigayi Sodangi, mai teburin nama a bakin titi, mutumin da ba ya dariya sai da dalili. Gaskiya suka faɗa, amma rabinta. Sauran rabin yana Gidan Dahala, cikin wani shago mai zafi kamar tanda, inda Victor, mutumin Kafanchan, yake gyaran talabijin da safe, da yamma kuma ya tayar da janareto ya kunna wa samari gem, wato wasan talabijin. A can Gazali ba mahauci ba ne. Idan ya shigo, har waɗanda suka fi shi shadda sukan matsa su ba shi wuri.

Wasan faɗa ake yi a shagon. Mutum biyu ne suke zama, kowa da abin dannawa a hannu, wanda suke kira fad, kowa da ɗan dambensa a cikin talabijin. Dokar wurin ɗaya ce: wanda aka kashe ya tashi ya miƙa fad ga na bayansa, wanda ya yi kisa ya ci gaba da zama. Mai ƙalubale a kan benci yake zama. Mai nasara kuwa yana da farar kujerar roba, wadda Victor ya ɗaure mata ƙafa ɗaya da waya. Gazali ya yi shekaru yana ɗumama kujerar nan. An sha tayar da shi, ba a ce ba. Wasu gwanaye da suka zo daga Kano sun taɓa tayar da shi, ya kuma ba su hannu da zuciya ɗaya. Amma ɗan danne-danne bai taɓa tayar da shi ba, ko sau ɗaya. Wannan shi ne sunan da ya tara a duniya, ba shi da wani.

Ɗan danne-danne kuwa, ga wanda Allah ya tsare bai gamu da shi ba, shi ne mutumin da bai san komai a wasan ba kuma bai damu ya sani ba. Zai damƙi fad, ya cije leɓe, ya yi ta dukan maɓallai gaba ɗaya kamar mai kashe kiyashi. Ɗan dambensa yana tsalle, yana shuri, yana naushin iska. Abin takaicin shi ne yakan yi kisa. Sai ka ga mutumin da ya ɓata wata da watanni yana koyon wasa, an shimfiɗe shi, wanda ya shimfiɗe shi kuma ko sunan dukan da ya yi bai sani ba, yana ta ihu yana buga ƙirji. Duk wanda abin ya taɓa samu ya san irin ɗacinsa.

Gazali bai faɗo wannan gwaninta daga sama ba. Mahaifinsa Sodangi ɗan dambe ne a zamaninsa, kamar yadda mahauta da yawa suke, kuma ya so ɗansa ya gaje shi. Sai dai Allah bai ba Gazali jikin ba. Siriri ne, ƙirjinsa a lotse. Da kaka ta yi wata shekara aka kai shi filin dambe a Dundaye, aka naɗe masa hannu, makaɗa suka kira sunan ubansa. Bai gama turmin farko ba ya ji ƙasa a bakinsa. Sodangi bai zage shi ba, da ma zagin ya yi da ya fi sauƙi. Kwance masa zaren ya yi da kansa, ya naɗe, ya sa a aljihu, bai sake yi masa maganar dambe ba har ya bar duniya.

Amma abin da tsohon ya koya masa kafin ranar bai fita daga kansa ba. Sodangi yakan ɗaga hannunsa na dama ya ce wannan mashi ne, kowane sakarai yana da shi. Sai ya buɗe na hagu ya ce wannan garkuwa ce, a nan ake sanin ɗan dambe. Ranar da Gazali ya fara riƙe fad a shagon Victor, ya ga an raba aikin daidai yadda tsohon ya faɗa. Yatsun dama su ne na naushi da shuri. Babban yatsan hagu shi ne na matsawa gaba, da ja da baya, da durƙusawa, da tare duka. Abin da jikinsa ya kasa yi a Dundaye, sai ga shi yatsa ɗaya yana yi.

Abokin hamayyarsa na kullum a ɓangaren danne-danne shi ne Malami, wani dillalin shanu daga Dundaye, ƙato mai fara'a, wanda yakan shigo da ƙurar kara, wato kasuwar shanu, a ƙafarsa. Malami yakan zauna a benci ya ce, “Yau dai sai na ɗebe ka bisa kujerag ga.” Sai ya hau duka. Gazali ba ya tarar sa. Baya yake ja, ɗan kaɗan, daidai inda naushin zai wuce ta gaban hancinsa. Ya bar shi ya gama haukansa. Da zarar ɗan damben Malami ya yi shuri a iska ya tsaya sakaka, sai Gazali ya miƙa masa ƙafa ɗaya, tas, ya sake ja da baya. Idan Malami ya yi tsalle, ya tsinko shi daga sama. Idan ya faɗi, Gazali ba ya binsa, don ya san zai tashi da duka. Sai ya tare, ya kama shi ya sake kayarwa. Babu ado, babu burga. 'Yan kallo har hamma suke yi, amma jinin Malami, wato jan layin da ke saman talabijin, yana ta raguwa har ya ƙare. Malami ya tashi yana dariya yana share gumi, ya ce fad ɗin ne ba shi da kyau.

Akwai wani ɗalibin jami'a mai suna Jafar da yake zuwa shagon. Ya san wasan ƙwarai, ya haddace dogayen duka masu haɗe da juna, yana iya karawa da kowane gwani. Amma da ya zauna da Malami sai a kashe shi. Wata yamma bayan Malami ya sake shimfiɗe shi, ya bi Gazali waje, idonsa ja wur.

“Yaya Gazali, don Allah mi nika yi ba daidai ba? Na hi shi sani nesa ba kusa ba.”

Gazali ya ce, “Shi na matsalakka. Kana son ka gane abin da shika nufi. Malami ba shi nuhin komi. Kai kana can kana lissahin abin da za shi yi, shi kanshi bai sani ba.”

“To ƙaƙa zan yi?”

“Ka ja baya, ka tare, ka jira. Kak ka nuna mai ka iya. Duka guda ya isa, ka maimaita shi har shi mutu. Kuma kak ka yi hushi, in kay yi hushi ka zama shi.”

Jafar ya riƙe maganar nan da hannu biyu. Bai daɗe ba shi ma ya daina faɗuwa a hannun Malami. Tun daga nan ba ya zama idan Gazali yana tsaye.

A gida kuwa babu wanda ya san wannan Gazalin. Matarsa Hindu ta ɗauki abin wasan yara ne da ya ƙi sakin mijinta, ta kuma gode wa Allah da ba shaye-shaye ba ne. Rayuwarsu ba ta da yawan labari. Ya tafi mayanka da sassafe, ya tsaya bakin tebur yana korar ƙuda har rana ta karya, ya dawo da ƙarnin da sabulu ba ya fitarwa. Masu saye suna kiransa “kai mai nama”, wasu ma ba sa duban fuskarsa. Yana haƙuri da duk wannan, don ya san bayan la'asar akwai inda ake kiransa da sunansa.

Sai Babbar Sallah ta zo, ranar da mahaucin Sakkwato ba shi da lokacin shan ruwa. Kowane gida yana son a feɗe masa rago da wuri, a ware shi a kan itace, a jera shi gefen wuta don tareni, ya gasu a hankali kafin a raba washegari. Gazali yana bin gidaje tun da aka sauko daga idi. Rana ta take, hayaƙi ya cika lunguna, hannunsa ya yi santsi da kitse. A wani gida yana jan fata da hagu yana bin ta da wuƙa, maigidan yana tsaye a kansa yana cewa maƙwabta har sun kunna wuta, sai wuƙar ta zame ta shige gindin babban yatsansa na hagu.

A nan ya yi kuskuren da sai ɗan mahauta zai yi. Duk mahaucin da ka gani, hannunsa na hagu cike yake da tabo, kuma a wurinsu kai yankan wuƙa asibiti abin kunya ne, kamar masunci ya yi kukan jiƙewa. Ga shi kuma ba a barin ragon mutane rabi a feɗe ranar Sallah. Gazali ya roƙi gishiri, ya danna a ciwon, ya yage gefen tsumma ya ɗaure tam. Jini ya tsaya, shi ke nan a wurinsa magana ta ƙare. Ya gama wannan ragon, ya wuce gida na gaba.

Da Hindu ta ga hannun da yamma, ta ce, “Maigida, wanga yanka ba irin na kullum ba na. Ka tahi asibiti.”

Ya ce, “Ɗan Sodangi shi kai yankan wuƙa asibiti? A yi ta yi mini dariya har wata Sallah.”

Ciwon ya warke sarai, fata ta haɗe. Amma da ya kwance tsumman, yatsan ya ƙi lanƙwasawa. Ya miƙe kamar tsinken tsire, kansa kuma ba ya jin zafi ba ya jin sanyi. Ya shafa man kaɗanya, ya gasa da ruwan ɗumi, wani dattijo cikin mahauta ya ja masa shi har ya ga taurari. Sai da damina ta wuce sannan ya tafi asibiti, a ɓoye. Likitan ya juya hannun, ya ce ya lanƙwasa, ya kasa.

“Malam, jijiya ce ta tsinke. Da a ranar ka zo da an ɗinke ta. Yanzu ta janye ciki, kuma ko an yi babban aiki ba na ce maka zai dawo yadda yake ba.”

Kowa ya taya shi godiya ga Allah. Ai na hagu ne, ai yatsa ɗaya ne, ai yana iya danne nama da sauran huɗun ya yanka. Gaskiya ne kuma, sana'arsa ba ta tsaya ba ko kwana ɗaya. Wannan ne ya fi ci masa rai. Ya yi rashi, amma irin rashin da ba a yi wa mutum jaje. Magidanci mai 'ya'ya zai buɗe baki ya ce yana baƙin ciki saboda gem? Sai ya haɗiye abinsa, ya riƙa amsa “alhamdu lillahi” yana duban ƙasa.

Ya koma shagon Victor, amma bai karɓi fad ba. Yakan ce hannu bai gama warkewa ba, ya tsaya a baya yana kallo. Wata rana da ba kowa ya roƙi Victor ya kunna masa shi kaɗai. Ya gwada da yatsan a miƙe: yana so ya ja baya sai ɗan dambensa ya yi tsalle, yana so ya tare sai ya durƙusa. Ya gwada da manuni, ya ga kafin ya danna an riga an doke shi. Victor yana can yana ƙona dalma a bayan wata tsohuwar talabijin, ya yi kamar bai gani ba. Da Gazali ya ajiye fad ɗin, Victor ya ce, “Abokina, a hankali zai dawo.” Dukansu sun san ba haka ba ne.

Kujerar roba ta koma hannun Jafar, kuma ya cancanta. Yana wasa irin na Gazali, da haƙuri, da tarewa. Gazali yakan tsaya yana kallon abin da ya koyar yana aiki a hannun wani, yana jin daɗi da zafi a lokaci ɗaya. Sababbin zuwa suka fara tambaya wane ne wannan mai ƙarnin nama da yake tsaya musu a ka. Ya ji da kunnensa, ba sau ɗaya ba.

Wata Juma'a da yamma shagon ya cika. Jafar ya kashe duk wanda ya zauna, har aka rasa mai karɓa. Sai Malami, da bakinsa ba ya shiru, ya ce, “Ga mai kujera nan tsaye, ku ba shi! Ko tsoro kaka ji, Gazali?” Wasu suka ɗauka, aka yi ta kiran sunansa. Ya daɗe bai ji sunansa a bakin mutane da yawa haka ba. Kafin ya yi shawara da kansa, ya ga ya zauna a benci, fad yana hannunsa. Jafar ya yunƙura zai ba shi kujerar, Gazali ya ce ya zauna, doka doka ce.

Turmi biyu ake ci a yi nasara. Na farko bai ɗauki lokaci ba. Gazali yana ganin kowane duka tun kafin ya taso, kansa yana cewa tare, yatsan yana kwance kamar na wani. Jafar ya kashe shi ba tare da an taɓa shi ba, ya sunkuyar da kai don kunya. Wani daga baya ya ce, “Wanga na gwanin da aka hwaɗi?”

A turmi na biyu jininsa ya kusa ƙarewa, saura ɗan ƙyas. Sai tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba tun ranar da ya faɗi a gaban ubansa. Bai san lokacin da ya ɗora fad a gwiwa ba. Ya kifa tafin hagu a ɓangaren tafiya yana murzawa, yatsun dama kuma suka hau maɓallai gaba ɗaya. Ɗan dambensa ya yi tsalle, ya yi shuri, ya juya, ya saki wani duka da Gazali bai kira ba.

Jafar ya san maganin danne-danne fiye da kowa a shagon. Da Malami ne a bencin, da ya ja baya ya jira. Amma Gazali ne, kuma a ran Jafar Gazali ba ya danna maɓalli sai da dalili. Ya ɗauka tarko ne. Ya tsaya yana neman ya gano ma'anar tsallen, yana lissafin abin da zai biyo baya, duka kuwa yana ta sauka a kansa ta inda bai zata ba. Sai ga ɗan damben Jafar a ƙasa. Shagon ya kaure da ihu.

Na biyun nan tsoro ne, ana iya yafe wa mutum. Na ukun ne ba shi da uzuri. Tsakanin turmi da turmi akwai ɗan lokacin da mutum zai numfasa, kuma a cikinsa Gazali ya san sarai abin da ya yi. Yana iya ɗauke fad daga gwiwa, ya riƙe shi yadda ya saba, a kashe shi da mutuncinsa. Ya dubi farar kujerar, ya ji ana kiran sunansa. Ya bar fad ɗin a gwiwa, ya cije leɓe, ya ci gaba da duka. Idonsa ma ba a kan talabijin yake ba lokacin da aka yi kisan.

Aka ɗaga shi sama. Malami ya rungume shi har ƙasusuwansa suka yi ƙara. Wanda ya yi maganar nan daga baya ya matso yana neman hannu. Victor kaɗai bai yi tafi ba, ya duba janareto da ba abin da ya same shi. Jafar ya tashi daga kujerar, ya share ta da hannun rigarsa, fuskarsa cike da murna, ba ko ɗigon haushi.

“Yaya Gazali, wallahi ban taɓa ganin irin wanga ba. Ka ɓoye muna shi dut shekarun ga! Tsallen nan na ƙarshe, ƙaƙa kas san zan durƙusa? Mi kad danna?”

Gazali ya dube shi.

“Ban san abin da nad danna ba.”

Aka fashe da dariya, Jafar ya fi kowa. Suka ce ji tawali'u, ji gwani ba ya son a san sirrinsa. Ya sake faɗa, a hankali, aka sake yin dariya. Sai ya ajiye fad a kan kujerar ya ce zai je ya yi alwala kafin magariba. Ya fita, ya bi titi a ƙafa har Unguwar Rogo, bai tsayar da mai mashin ba.

Bai sake komawa ba. Hindu ta lura yanzu yana gida bayan la'asar, yana zaune a zaure, ta gaya wa 'yar'uwarta cewa maigida ya yi hankali. A shagon Victor kuwa har yau ana ba da labarin wasan. Shekarun da ya yi yana tarewa yana jira, babu mai tunawa da su, don ba su da daɗin faɗi. Turmi biyun nan su ne suka zama Gazali. Sababbin 'yan danne-danne ma sukan ɗora fad a gwiwa su ce salonsa suke yi.

Jafar ya gama karatu, ya sami aiki, ya yi aure, amma bai canza wurin sayen nama ba. Yakan tsayar da mashin gaban teburin, ya gaishe shi da ladabi, ya jira a yanka. Kuma kullum kafin ya tafi sai ya sassauta murya ya ce, “Yaya, har yanzu ina jira. Yaushe za ka koya mini wancan?”

Gazali yakan yanko hanta ya ƙara masa gyara, don ya tafi.